Ta ina zan fara binciken asalin zuriyarmu?

Ka tambayi yadda za ka gano inda kakanninku suka fito da garuruwan da suka ratsa. Fara daga kanka ka yi baya, kada ka tsallake kowa. Zauna da dattawan dangi ɗaya bayan ɗaya, ka naɗi muryarsu: cikakken suna, laƙabi, sunan uwa, garin haihuwa. Sannan ka gwada abin da suka faɗa da takardun haihuwa, na gado, na haraji da na ƙidaya.

Wajen suna aka fi yin tuntuɓe. Magatakarda kan rubuta shi yadda kunnensu ya ji, jika kuma yakan ci sunan kakansa, sai a ɗauki mutum biyu a matsayin ɗaya. Lissafa tazara: idan shekara 90 ce tsakanin uba da ɗa, akwai wanda ya ɓace a tsakiya. Garuruwa ma sukan sauya suna, don haka nemi taswirar wancan zamanin.