Yaya, ga bayanin bindigar da ka gani a hannun 'yarka

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya damina? Na saurari saƙon muryarka har sau uku, kuma ina jiyo Hajiya a bayanka tana salati. Laifina ne. Ni na jefa hoton cikin zauren dangi ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba: yarinya 'yar shekara 16 da ɗankwalinta, ta miƙe hannu da ƙaramar bindiga, ɗayan hannun cikin aljihu. Wanda ke zaune a Katsina yau, inda jin sunan 'yan bindiga kaɗai ke hana mutum runtsawa, dole gabansa ya faɗi. To ka kwantar da hankalinka, ba aikin ɗan sanda ta shiga ba, kuma Jamus ba Amurka ba ce da mutum zai ajiye bindiga ƙarƙashin filo. Wasa ne, har a Olamfik ana yin sa. Maganar da ka yi cewa na zuba kuɗin babur a kan ƙarfe guda, wannan kam gaskiya ne, kuma ita ce mai buƙatar zama.

A ƙauyukan nan na kewayen birnin Hanoba da wuya ka rasa abu biyu: 'yan kwana-kwana na sa kai da ƙungiyar maharba. Uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, Deutscher Schützenbund, tun 1861 aka kafa ta a garin Gotha, kuma membobinta sun haura miliyan ɗaya. Duk shekara suna da biki, su sha koren kaya da lambobi a ƙirji, su yi jerin gwano da ganguna. Ranar da na fara gani sai hawan sallah ya faɗo mini a rai, lokacin da 'yan bindigar sarki ke cika gari da hayaƙin albarushi amma ba mai gudu, don kowa ya san na ado ne. Wani maƙwabcina, tsohon kafinta, shi ya yi ta naci har na bi shi, daga baya 'yarka ta biyo ni, yanzu kuma ta wuce ni.

Wadda ka gani a hoton ba ta cin albarushi, da iska take aiki. Akwai wata 'yar tukunya doguwa a ƙarƙashin bututun da ake matsa wa iska har ƙarfin matsinta ya kai "bar" 200 a ma'auni, ita ke tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Takardar da ake bara tana nisan mita 10, kuma da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne, wato kamar maɓallin riga. A babbar gasa harbi 60 ake yi cikin minti 75, a tsaye, da hannu ɗaya, ba jingina. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Jin Jong-oh, ya taɓa samun maki 594 cikin 600 a 2009. Mu a gasar ƙauyuka harbi 40 muke yi, ni kuwa ranar da na kai 340 cikin 400 sai gida ya san na dawo. Kada ka ce kayan wasan yara ne, tana iya tsiyaye ido. Wanda bai kai 18 ba ba zai saya ba, yaro kuma sai ya kai 12 zai harba, shi ma a filin ƙungiya, da sa hannun iyaye, da mai sa ido tsaye a bayansa. A hanya tana cikin akwati a kulle, babu harsashi a ciki.

Ni dai da suna na sayi tawa, yadda muke sayen mota a gida. Na ji ana ta yabon Steyr ta Ostiriya, sai na nemi ta hannu na biya, ban ko riƙe ta na minti biyar ba. Mai sayarwar bai gaya mini cewa tukunyar iskar tana da wa'adi ba. Shekara 10 ne daga ranar da aka buga a jikinta, ta wuce haka ba za a bar ka ka yi gasa da ita ba. Tawa saura wata huɗu ta mutu. Arha ba ta ado, sai da na sake sayen sabuwar tukunya. Bindigar kuwa ba ta da laifi, hannuna ne bai dace da mariƙin ba, na shekara biyu ina zargin idona.

Da aka zo kan 'yarka, tsohon ya hana ni buɗe baki. Ya ce ta shekara tukuna da ta aro ta ƙungiya, a ga ko zafin nema ne ko marmari. Da shekara ta cika sai ya roƙi membobi huɗu suka shimfiɗa nasu a kan tebur: Walther da Feinwerkbau na nan Jamus, Morini ta Suwizalan, da Pardini ta Italiya. Duk cikinsu babu ta banza. Ka ɗaure kowacce a maƙalar ƙarfe, za ta jera harbi goma a rami ɗaya, saboda haka ba a maganar wadda ta fi kai saƙo daidai, mai riƙon ne ke rawa. Ya ce ta rufe ido, ta ɗaga hannu kamar za ta harba, sannan ta buɗe. Wadda ta buɗe ido ta tarar saitin gaba, ɗan ƙarfen nan na bakin bindiga da ake aunawa da shi, ya zauna tsakiyar na baya ba tare da ta murɗa wuyan hannu ba, ita ce tata. Ta yi haka ya fi sau ashirin. Doka ta yarda nauyi ya kai giram 1,500, amma galibinsu wajen kilo ɗaya ne, kuma ko shi ɗin, ka riƙe shi a miƙe sau sittin ka ji yadda kafaɗa ke kuka. Ita mai gajeren bututu ta ɗauka, don doguwar tana rinjayar ta gaba. Morini ta burge ta, kunamarta, wato abin da ake ja ta tashi, ta lantarki ce, taushi kamar danna waya, amma ta ce ba ta son abin da batir zai ci amanarta ranar gasa. Sabuwa a irin waɗannan tana kamawa daga Yuro 1,500 zuwa sama da 2,000. Mu ta hannu muka samu, wannan karon kuwa tukunyar na fara juyawa na karanta kwanan watan.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Ka tuna ƙotar fartanyar Baba, yadda ta lotsa daidai inda yatsunsa ke zama, wani ya ɗauka sai ta yi masa kanta? To haka ake son mariƙin ya zama, sai dai mu ba ma jiran shekara talatin. Na katako ne, yana zuwa ƙarami, matsakaici ko babba, na dama ko na bahago, da wani ɗan allo a ƙasa da ake ɗagawa ko saukewa ya tallafi gefen tafin hannu. Akwai masu sana'ar sassaƙa shi kawai, irin kamfanin Rink, amma tsohon ya ce kuɗin ya isa haka. Ya kai mu garejinsa, ya shafa mata alli a hannu, ta kama mariƙin ta saki. Inda allin ya yi kauri nan ne ke matsa mata, sai ya bi da magagari kaɗan-kaɗan, ya hura ƙurar, ta sake kamawa. Inda babu alli ko kaɗan, can ne hannu ke shawagi, sai ya cusa foti, ƙullin nan na cike rami da ke daskarewa, ya naɗe mata hannu da siririyar leda, ta riƙe yadda za ta harba har ya fara daskarewa. Ba a gamawa rana ɗaya. Ya ce ta je ta yi harbi na mako, ta dawo ta faɗi inda ke mata ciwo. Sau uku muka koma. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne wurin ɗan ali, yatsan da ke jan kunama: dole ya zama bai taɓa katakon ba sam, in ya goga, duk ja sai bakin bindigar ya karkace gefe. Da aka gama, mariƙin ya yi muni kamar ginin zanzaro, fari nan, ruwan ƙasa can. Mahaifiyarta ta ce mun lalata kuɗi. A gasar da ta biyo baya makinta ya ƙaru da goma sha ɗaya.

Sassaƙar ma tana da iyaka. Kada wani ɓangare ya tallafi wuyan hannu, kuma dole bindigar gaba ɗaya ta shige wani akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50. In fotinka ya yi tozo har murfi ya ƙi rufuwa, sai ka nemi magagari a nan take.

Kunama kuwa ita ta taɓa kunyata ni. Ƙa'ida ita ce kada ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba. Ja biyu gare ta: na farko mai laushi, sai ka ji ta tokare, sannan ɗan ƙari kaɗan ta tashi, kuma da 'yan sukurori ake raba nauyin tsakanin biyun. Wani dare na zauna da sukundireba ina ragewa, ina jin daɗin yadda ta yi taushi, ban auna ba. Ranar gasar gunduma, mai duba kaya ya tsayar da ita baki sama, ya rataya dutsen awo a kunamar, ya fara ɗagawa a hankali. Dutsen bai bar tebur ba sai ji muka yi ƙas. Ya sake, ƙas. Bai yi faɗa ba, gilashinsa kawai ya sauke ya dube ni, 'yarka na bayana a layi tana danne dariya. Tun daga ranar nake barin ta wajen 520, don sanyi da zafi suna taɓa ta.

Saiti na ƙarfe ne zalla, ba a yarda da madubin hange ko jan haske ba. Abin da zai ba ka mamaki, ba takardar ake kallo ba. Ido yana kan saitin gaba, baƙin da'irar ya zama dishi-dishi can, kuma yawanci ƙasa da baƙin ake aunawa, sai a murɗa saitin baya har harbin ya riƙa faɗawa tsakiya. Shi ya sa kake ganin su da wani tabarau mai kama da na masu gyaran agogo, ido ɗaya da gilashi, ɗayan a tare. Ba dole ba ne. Baturken nan Yusuf Dikeç da hotonsa ya zaga duniya a Olamfik ta Faris a 2024, da tabaransa na yau da kullum ya ci azurfa, hannu a aljihu. Aljihun ba yanga ba ce, don kada hannun ya yi lilo ne, kusan kowa haka yake tsayawa. Ƙwayoyin dalmar ma ana zaɓe, akwai mai faɗin milimita 4.49 akwai 4.50, manya har gwada gwangwani-gwangwani suke yi. Mu ba mu kai can ba.

Mai cin harsashi na gaske, irin .22 da ake harbawa a mita 25, wata duniya ce daban. Sai ka shekara cikin ƙungiya kana zuwa a kai a kai, ko sau ɗaya duk wata ko sau 18 a shekarar, ka ci jarrabawar sanin makami da doka, hukuma ta binciki tarihinka, ka nuna kana da sef, wato akwatin ƙarfe na kullewa, mai nauyi irin wanda doka ta amince da shi. Bayan abin da ya faru a garin Winnenden na nan Jamus a 2009, inda yaro ya ɗauki bindigar mahaifinsa da ba a kulle ba ya kashe mutum 15, jami'ai na iya ƙwanƙwasa maka ƙofa su ce a buɗe sef su gani. Kuma takardar ta mallaka ce da zuwa filin harbi, ba ta yawo da ita a ƙugu ba. Ni ina da shekarun da zan nema, ban nema ba. Uwargida ta ce ba a gidanta ba, ban kuma ja da ita ba.

Ka tambayi yadda 'yan uwa a nan suke kallon abin. Gaskiya mu kaɗan ne a ciki. Hausawanmu na nan, 'yan Nijar, 'yan zangon Kumasi da Akara, da mu 'yan Najeriya, ƙwallo muka sani. Da farko a masallaci an yi ta tsokanata da Sarkin Baka. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ja ni gefe ya ce baƙar fata Musulmi da bindiga a ƙasar Turawa, neman magana ne. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kashe mutum tara 'yan asalin wasu ƙasashe a garin Hanau na nan Jamus a 2020, ɗan ƙungiyar harbi ne mai takarda, kuma makon da abin ya faru na kasa taka filin. Tsohon kafintan ne ya zo har gida, ya zauna ya sha shayi, bai ce komai a kai ba, da zai tafi ya ce Talata yana jira na. Limaminmu kuma ya kawo maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Umar, ta koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, sai surutun ya lafa. Yanzu yara biyu daga cikinmu sun bi sahun 'yarka. Matsalar da ta rage ita ce bikinsu, don giya ake sha kamar ruwa. Muna shiga jerin gwano, mu karɓi lambarmu in akwai, kafin magariba mun kama hanyar gida, sun kuma saba, har lemon tuffa suke ajiye mana.

Zancen da ka yi cikin raha na in saƙo maka ɗaya a kwantena saboda halin da ake ciki, Yaya ka rufa mini asiri. Ko kurciya ba a yarda mu harba da ita ba, kuma a kwastan mai neman ka da sharri ba zai tsaya tambayar ta iska ce ko ta albarushi ba. Ka nuna wa Hajiya bidiyon da zan turo gobe, za ta ji ƙarar ba ta kai ta tafi ba. Ta sa jikarta a addu'a, tana da gasar gunduma ranar Asabar ta sama, kuma hannun nata ya ƙara girma, da alama za mu sake komawa garejin tsohon.