Anya Allah bai gaji da ni ba?

Mama barka da aiki. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Shekara 4 da na bar shan giya, na tsaya gaban jama'a na ba da shaida har aka sa ni cikin masu koyar da yara ran Lahadi, sai ga shi na koma. Kullum in yi kuka in ce wannan ne na ƙarshe, kwana goma ba sa cika sai in sake ganin kwalba a hannuna. Na yi azumi, na yi alkawari, na sake yin alkawarin. Wani dattijon majami'armu da ya ji cewa ya yi Allah ba abokin wasa ba ne, tun ranar maganar nan take cina. Matata ba ta cewa uffan, shirun nan nata ya fi zagi ciwo. Addu'a ma na ɗan jingine ta sai na gyaru tukuna, don da wane ido. Shekara 4 fa Mama, duk sun bi ruwa. Anya akwai sauran gafara?

Amsa:

Ɗana, kwalbar ba ta tayar min da hankali kamar maganar da ka yi a tsaitsaye ba, wai ka jingine addu'a sai ka gyaru. To wa zai gyara ka? Yesu da bakinsa ya ce lafiyayyu ba ruwansu da likita sai marasa lafiya, Markus 2:17, kai kuma ka ɓuya wa likitan don kar ya ga ciwo.

Ba zan shiga tsakaninka da dattijo ba, gaskiya ya faɗa, Galatiyawa 6:7 ta ce ba a yi wa Allah ba'a. Amma da ya ɗan ɗaga ido zuwa aya ta 1 a wannan surar dai, da ya ga an ce wanda aka kama da laifi a komo da shi da tawali'u. Rabin sura ya karanto maka, haba. Ku ma masu karatu da kuke saurin yanke wa mutum hukunci, Bitrus da ya cika baki zai mutu tare da Yesu, kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku, kuma shi ɗin aka ce wa ya yi kiwon tumaki a Yohanna 21. Da a hannunku yake da ko shara ba za ku bari ya yi a majami'a ba.

Mamakin faɗuwarka kai kaɗai kake yi. Zabura 103:14 ta ce ya san da abin da aka yi mu, yana tune mu ƙura ne.

Alkawuran nan sun isa haka. Ka je ka ga likita, don yanke giya farat ɗaya ga wanda ta kama yana da haɗari. Ajin yaran kuma ka miƙa wa wani tukuna. Yau da dare ka kira matarka ku durƙusa tare, ko kalma biyu ce ka faɗa.