Tambaya da Amsa: Laftof ɗina ta koma kurfoti, kamfani kuma sai wasa suke min da hankali

Jama'a barkanmu da wannan makon. Tunda hazon hunturu ya wuce aka shiga zafin Maris saƙonnin da ke shigo min kusan duk kuka ɗaya ne, laftof na zafi, laftof na mutuwa da kanta. Na ɗauko guda uku, na farkon shi ne mai tsawo don haka a yi haƙuri da ni.

Tambaya: Salam Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni ɗalibi ne a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ina zaune a Ayigya Zango. Wata bakwai da suka wuce na sayi laftof sabuwa dal a kwali a wani shago a Adum, babana ne ya haɗa min kuɗin da ƙyar saboda zanen gini nake karanta kuma ba a yinsa sai da AutoCAD. Da farko lafiya lau, amma tun bayan hunturu fankarta ta fara ƙara kamar jirgi zai tashi, gefen hagu ba ya taɓuwa don zafi, in na fara aiki mai nauyi ko minti 20 ba ta yi sai ta ɗauke ɗif. Na koma shagon suka ce su sayarwa kawai suke, in nemi kamfanin. Na kira kamfanin aka ce in sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin kafin Windows, na yi, ba canji. Na sake kira wani daban ya ɗauka na maimaita labari tun daga farko, shi kuma ya ce in yi wa Windows riset, na yi har na rasa wasu zane-zanena, ba canji. Yanzu sun ce in kai ta wurin wakilinsu a Akra kuma za ta iya kai sati uku ko huɗu a can, ga furojet ɗina a gaba. Wani masta mai gyara a PZ ya ce in kawo ya buɗe ya gyara min cikin awa ɗaya. Don Allah me zan yi, wallahi na gaji.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu, Allah ya saka wa Baba da alheri. Kafin komai, kar ka kai wa mastan nan tukuna. Ba wai bai iya ba, ƙila ma ya fi na Akra hannu, amma laftof ɗinka wata bakwai ne kuma yawancin sababbi garantin shekara ɗaya ake ba su, wato kana bin kamfanin bashin wata biyar ke nan. Ranar da wani ya kwance fankar ya goge man da ke kan furosesa ya bar shaidar sukurdireba, to ka miƙa musu abin da suke nema, duk abin da ya lalace daga baya cewa za su yi hannun waje ne ya taɓa, kai kuma ba ka da bakin magana.

Bari in ɗan yi maka bayanin abin da ke faruwa a ciki don in ka sake kiransu ka san me kake faɗa. Furosesa ɗan ƙaramin abu ne amma shi ke haifar da yawancin zafin, a kansa akwai wani bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin ya kai bakin fanka inda akwai wasu siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, fanka ta hura iska ta cikinsu zafin ya fita waje. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen akwai wani man toka-toka da masu gyara ke ce wa tamal fes, shi ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce da sauri. Abu uku ne ke lalata wannan tsari, ƙura ta toshe matajin, ko man ya bushe, ko fankar kanta ta gaji. A garin nan kuwa ƙura ita ce sarkin laifi, daga Disamba zuwa Fabrairu abin da fanka ke zuƙa sai ka buɗe ka ga ya dunƙule kamar audugar katifa. Sannan kamfanoni irin su Apple da Dell suna rubuta cewa a yi amfani da injinsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa ɗakin kwano a Zango da rana tsaka a watan Maris in an yi dumso, wato an ɗauke wuta, fankar sama ta tsaya, kai ma ka san ya wuce nan.

Furosesa na zamani in ya kusa digiri 100 rage gudu yake da kansa, shi ya sa za ka ga komai ya fara jan ƙafa, in abin ya ƙi sauka sai ya kashe injin gaba ɗaya don kar ya ƙone. To mutuwar da take maka kare kanta take yi. Amma inji ɗan wata bakwai bai kamata ya kai nan a minti 20 ba, ko da ƙurar hunturu, shi ya sa nake zargin ko fankar ce ke da matsala ko tun daga masana'anta ba a ɗaure jan ƙarfen da kyau ba, kuma wannan duk nasu ne.

Yanzu maganar yadda za ka kama su. Kuskuren da ka yi, kuma kusan kowa na yi, shi ne kira da baki kawai kana cewa tana zafi. Wanda ke ɗaukar wayar nan takarda ce a gabansa yake bi layi-layi, an ce masa ya fara da BIOS, sai direbobi, sai riset, ba zai tsallaka ba ko da kuka za ka yi masa, kuma ba mugunta ba ce aikinsa ke nan. Abin da ke sa su tsallaka shi ne shaida. Sauke HWMonitor ko Core Temp, manhajoji ne masu nuna zafin furosesa kuma kyauta ne, ka ɗora laftof ɗin a kan tebur ka ɗauki hoton sikirin lokacin da ba ka komai, a nan ya kamata ka ga wajen digiri 40 zuwa 55. Sai ka buɗe aikin da ke kashe ta ka saita wayarka tana ɗaukar bidiyo, lambar zafin tana hawa har ta ɗauke, ana kuma ganin agogo. Bayan haka yi gwajin da ke cikin injin kansa, ban san wane iri gare ka ba tunda ba ka faɗa ba, amma in Dell ce ka danna F12 lokacin da take tashi ka zaɓi gwajin, in HP ce Esc sannan F2. In fanka ce ta samu matsala sau da yawa zai fitar maka da lambar kuskure, wannan lambar ta fi maganarka ta awa ɗaya ƙarfi a wurinsu.

Daga nan ka daina kira, koma imel ko cat, wato wurin hira a rubuce da ke shafinsu, inda komai zai zauna a rubuce. Ka nemi lambar kes, kowane ƙorafi suna ba shi lamba, da ka karɓa tun kiran farko da mutum na biyu bai sa ka maimaita labari ba. Rubuta gajere ba zagi ba tsinuwa, ranar da ka saya, lambar siriyal da ke ƙasan injin, hoton rasit, abin da suka sa ka yi da ranar da ka yi, bidiyon, sannan ka ce a miƙa kes ɗin ga na sama. Na sha ganin mutum ya cika shafi biyu da Allah ya isa amma ya manta bai sa lambar siriyal ba.

Su kuma masu shagon da suka ce sayarwa kawai suke, ba haka dokar Gana ta ce ba. Akwai dokar cinikin kaya ta 1962, Act 137, wadda ta ɗora wa mai sayarwa nauyin cewa kayan da ya sayar ba su da aibin da ya ɓoye wa mai saye bai faɗa masa ba. Ba cewa nake ka kai su kotu ba, amma ka koma da rasit ɗinka, in da hali ka je da wani babba, ka roƙe su su tura injin Akra ta hannunsu tunda su ke hulɗa da dilan, in Allah ya sa masu kirki ne ma su ara maka wata ka riƙe. Shagon da ke son ɗaliban Tek su ci gaba da zuwa ba zai so sunansa ya zaga guruf ɗin ajinku ba, su ma sun sani.

Sati huɗu ba laftof ga mai furojet ba wasa ba ne, na gane. Dabarar ita ce ka buɗe kes ɗin yanzu a rubuta ranar a cikin garanti, sannan ka nemi su yarda a rubuce cewa za ka kawo bayan ka miƙa aikinka. Kafin nan ka lallaɓa ta. Shiga saitin wuta na Windows ka nemo inda aka sa iyakar ƙarfin furosesa ka mayar da shi 99 maimakon 100, a injuna da yawa wannan ɗan ɗigon yana hana shi ƙara gudun nan da ake ce wa Turbo, sai ka ga zafi ya sauka sosai, gudun zai ɗan ragu amma ya fi ɗaukewa a tsakiyar aiki. Ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu ko littafi yadda iska za ta shiga ta ƙasa, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, na san ɗalibai da kallon fim a gado. Aiki mai nauyi ka bari sai dare ko ka je laburare inda akwai sanyi. Ranar da za ka miƙa ta kuwa ka kwashe komai naka a wani faifan, ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka karɓi takardar shaidar sun karɓa.

Tambaya: Malam ni tela ce a Aboabo, hom yus na saya wa ɗana a Alabar shekara biyu ke nan, ita ma zafi take. Yaron ya ce in rubuta wa kamfanin a Amurka. Za su kula ni?

Amsa: Hajiya gaskiya kar ki wahalar da kanki. Yawancin hom yus ɗin nan ofisoshi ne a Turai da Amurka suka yi shekara uku ko huɗu suna aiki da su kafin a loda su a kwantena, garantinsu ya daɗe da ƙarewa, wanda ma bai ƙare ba galibi a ɗaure yake da ƙasar da aka fara sayar da shi. In kina son ki tabbatar yaron ya shiga shafin kamfanin ya sa lambar da ke ƙasan injin, nan take zai ga ranar da ya ƙare. Ke naki mai sauƙi ne, taki ce ta masta. A buɗe a share ƙura a sa sabon tamal fes, injin da ya kai shekara biyar ko shida man nan ya riga ya zama kamar busasshen tuwo. Yaron ya tsaya a wurin ya ga an cire fankar an share matajin, don wasu bulowa kawai suke hurawa ta waje su tura ƙurar ciki su karɓi kuɗi. Kuma ya duba cajar, in ba ta asali ba ce irin mai arhar nan mara nauyi, ita ma tana jawo nata.

Tambaya: Yallaɓai tawa in ta yi zafi firij nake sa ta minti biyar ta huce. Amma kwanan nan wurin linzamin ya taso sama, murfin ƙasa ma ya ɗan buɗe. Daga wani mai shagon buga takardu a Asawase.

Amsa: Ɗan'uwa firij kuma? Haba. In ka fito da ita raɓa ce ke kwantawa a kan bod ɗin kamar yadda ledar fiya wata mai sanyi ke gumi, ruwa da wuta kuwa ka san ƙarshensu. Amma ba wannan ne ya tayar min da hankali ba, tasowar nan da ka gani batir ne ya kumbura, iskar gas ce ta taru a cikinsa, kuma batirin litiyam in ya kai haka yana iya kamawa da wuta. Ba tatsuniya ba ce, a 2006 Dell ta janye batura sama da miliyan 4 saboda haɗarin gobara, a 2019 ma Apple ta janye na wasu MacBook Pro masu inci 15. Ka cire caja yau, ka kashe ta, kar ka danna wurin da ya taso don ya koma, kar kowa ya huda shi, kuma kar ta kwana a shagon nan naka da ke cike da takarda. Kai wa mai gyara ya cire batirin, yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai kafin ka samu sabo, sai dai in an ɗauke wuta ta ɗauke tare da aikin kwastoma, don haka ka riƙa sebin akai-akai. Tsohon batirin kar a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, ka bar wa mai gyaran.