Tambaya da amsa: motoci 9 a takarda, 4 a kan hanya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Damagaram. Kwanan nan aka ɗora mini kula da motoci, kuma shugabanmu ya ce in rubuta tsarin da za a riƙa bi. A takarda motoci 9 ne, amma 4 kaɗai ke tashi, sauran suna jibge a bayan ofis. Mai yana ƙarewa tun wata bai yi nisa ba, ana zargin direbobi, ni kuma ba na barci, don ranar da masu bincike za su zo sunana ne a kan takardu. Bakanikenmu ya ce mu riƙa ciro kaya daga matattun muna sa wa masu rai kafin kuɗi su zo. In sa wannan a cikin tsarin? Kuma na'urar bin sawu za ta hana satar mai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron nan naka yana kan hanya, sai dai ka fi ɗora shi a kan mai, alhali abin da zai iya kai ka ƙasa yana bayan ofis.

Mu sallami maganar mai tukuna, don ba ta da wuya. Kowace mota ta sami karne, littafin da ke kwana a cikinta: rana, sunan direba, lambar takardar izinin tafiya, kilomitar tashi da ta dawowa, litar da aka zuba. A cika tanki fal, a yi tafiya, a sake cikawa fal. Abin da ya shiga karo na biyu shi motar ta sha. Mu ce Hilux ɗinku tana shan lita 13 a kilomita 100, ta je Gure ta dawo, wajen kilomita 320, to lita 42 ke nan ko kusa da haka. In an rubuta 70, akwai tambaya. Amma kada ka auna mai zuwa Tesker cikin rairayi da ma'aunin mai zuwa Mirriya a kan kwalta, za ka zalunci bawan Allah. Motar da agogon kilomitarta ya mutu kuwa, kada ta karɓi bon ɗin mai, wato takardar karɓar mai, ko ɗaya sai an gyara shi. Na'urar bin sawu tana nuna inda mota ta je, ba ta nuna abin da aka zuba mata sai an ƙara mata ma'aunin tanki, kuma kullum tana cin kuɗin layi. Ofishin da ya kasa cika littafi da biro, ba na'ura za ta cece shi ba. Sannan ka lura, ba kullum direba ne ke shan man ba. Motar da ke kai yara makaranta da safe, ta kai uwargida kasuwar Dole, ta tafi biki Magariya ranar Asabar, ba direba ne ya aike ta ba.

Yanzu ga shawarar bakanike. A'a. Kada ka rubuta ta, kada ka yarda da ita da baki, kada ka kau da kai a yi ta a bayan idonka. Babu ofishin da na shiga ban tarar da wannan cuta ba, kuma ko'ina suna ɗaya ake ba ta: aro. "Aron batir ne kawai, in an sayo sabo a mayar." Wa ya taɓa ganin an mayar?

Ga yadda abin yake tafiya. Mota ta tsaya saboda abu guda, mu ce famfon gazuwal. A ranar, gyaranta abu ɗaya ne, kuɗinsa sananne. Sati na zagayowa an ari batir. Sai tayoyi biyu, aka ɗora ta a kan duwatsu. Sai fitila, sai lagireto, sai wani ya ga kujerun sun fi na motarsa kyau. Ranar da kuɗin famfon suka iso, babu motar da za a sa wa. Ita kuma wadda aka yi dominta ba ta tsira ba, don abin da aka ba ta tsoho ne da ya sha rana. Taya tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Duba gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a jikinta su ne sati da shekarar da aka yi ta, 2317 yana nufin sati na 23 na 2017. Irin wannan tayar, wadda ta yi shekaru tana gasuwa a zafin Damagaram, ita za a ɗaura wa motar da za ta kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, da mutane a ciki. Robobin birki ma haka suke bushewa su tsattsage. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Wannan ɓarnar ƙarfe ce. Ta takarda ta fi ta muni, kuma ita ce ba a gani. Duk gyaran da aka yi da kayan aro ba ya bayyana a lissafi. Ƙarshen shekara takardunku za su nuna kun riƙe motoci da ɗan kuɗi kaɗan, mai tsara kasafi ya ce ashe ya ishe su, baɗi ya ba ku daidai wannan ko ƙasa da shi. Da hannunku kun rubuta shaidar cewa ba ku da bukata. Sannan kowace mota dukiyar ƙasa ce da aka rubuta da lambar shasi, wasu har da lambar inji. Mai bincike zai zo da jerinsa, ya tarar da injin wannan a cikin waccan, babu takarda, babu sa hannu. Ba zai nemi bakanike ba. Bakanike ba ya cikin ma'aikata, ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi. Kuma da zarar an buɗe ƙofar aro, ɓarawo ya sami inuwa: abin da aka ciro don motar ofis da abin da aka ciro aka kai kasuwa, duk rami iri ɗaya suke bari, ba mai iya bambance su bayan wata shida.

Kanikawan da ke ba da irin wannan shawara su ne dai masu cire abin daidaita zafin inji su jefar, wai ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa, su ne masu taɓa baƙin mai da yatsa su ce da sauransa. Motar gazuwal da ke aiki cikin ƙura da rairayi irin na Tanut, juyen mai a kilomita 5,000 ne, a duba matatar iska tun kafin nan. Yatsa ba ma'auni ba ne.

Na san abin da za ka ce: takardar sayen matatar man mota ta jaka goma sai ta bi ofis huɗu, ta yi wata biyu. Gaskiya ne, kuma abin yana ba ni haushi fiye da yadda yake ba ka. Ƙasar da ke tace manta tun 2011 a matatar man fetur ta SORAZ, nan arewa da gari, a ce motar aikinta ta kwana saboda sa hannun mutum ɗaya da ya tafi taro. Amma maganin jinkirin takarda shi ne a fara ta da wuri. Ka san kilomitar da kowace mota ke yi a wata, to ka san juye nawa za ta bukata a shekara, tayoyi nawa, batir yaushe. Ka nemi a yi yarjejeniyar shekara da gareji guda bisa ƙa'idar sayayyar gwamnati, kayan da ke ƙarewa kullum a saye su gaba ɗaya a ajiye a sito da rajista.

Motoci biyar ɗin nan kuwa, gobe ka ɗauki hoton kowace, ciki da waje, ka rubuta abin da ke jikinta da abin da babu, kai da mai lissafin kaya da shugabanku ku sa hannu, da kwanan wata. Wannan takarda ita ce ke raba abin da ka gada da abin da ya faru a hannunka. Sannan masanin garejin gwamnati ya duba su ya raba su biyu. Wadda gyaranta bai kai darajarta ba, a sa ta a layin gyara, a kulle, a ajiye makulli wuri guda. Wadda ta gama, a buɗe mata takardun fitarwa daga dukiyar ofis don a yi gwanjonta tun tana da abin sayarwa. In har dole ta sa a ciri wani abu daga wadda aka yanke wa hukuncin fita, to da rubutaccen izini, a rubuta daga wace mota zuwa wace, kuma ban da taya da kayan birki.

Abu na ƙarshe da za ka sa a tsarin, motocin da ayyukan raya ƙasa ke bar muku in sun tashi: kada a karɓi makulli sai da takardun mallaka, da inshora, da layin kuɗin kula da ita a kasafi. Ina kyautata zaton cikin biyar ɗin nan naka akwai irinsu.