Amsa ga 'yar'uwa mai shirin zagaya ƙauyukan Faransa da motar kwana

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko mace mai hijabi da ƙananan yara za su iya kwana lafiya a wuraren da ƙauyukan Faransa ke ware wa motocin kwana, wato masu gado da banɗaki a cikinsu. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan fargabar na bar garin Liège na Belgium bara, ni da maigida da yara uku.

Ana iyawa. Amma don girman Allah kada ku bari magariba ta riske ku a hanya, mu abin da ya ja mana ke nan. A dare na uku, cikin sanyin Oktoba, muka shiga wani ƙauye a yankin Jura wajen ƙarfe tara. Tankin ruwa ya ƙare ƙaf, tukunyar banɗaki ta cika, ga autana yana gudawa. Famfon wurin motocin ba ya karɓar kuɗi sai jeton, wani ɗan ƙarfe kamar kwabo da ake jefa masa, shi kuwa jeton ɗin a gidan burodi ko ofishin magajin gari ake sayarwa, duk sun rufe.

Mota guda ce a gefenmu, wani dattijo da matarsa suna ciki suna cin abinci. Maigida ya je ya ƙwanƙwasa cikin ladabi, da yuro biyar a hannu, yana roƙon jeton ɗaya ko ruwa ko da jarka guda. Mutumin nan ko ƙofa bai buɗe ba. Ta taga ya dube shi, ya dubo ni ina tsaye da yaro a kafaɗa, ya ja labule. Da yaron ya ɓarke da kuka kuma, sai ga shi ya fito da tocila yana dalle mana fuska, wai nan ba sansanin 'yan gudun hijira ba ne. A gaban 'ya'yana! Da kwalba biyu na ruwan sha na wanke yaron, muka yi taimama muka yi isha'i. Ban runtsa ba. Mutum da furfurarsa ya hana yaro mara lafiya ruwa, har yau abin na ci mini rai. Na bar shi da Allah.

Da safe mai gidan burodin ta sayar mana da jeton, ta leƙo ta tambayi jikin yaron. Irinta sun fi yawa, kada ki karaya.

Ruwa shi ne komai. Tankinmu lita 100 ne, ga alwala, ga tsarki, ga wanke-wanke, bai kai mu kwana biyu ba. Ki riƙe jarka ta daban, kuma duk inda kuka ga wurin zubar da ƙazanta ku zubar, ko tukunyar ba ta cika ba. In sanyi ya shiga sosai ma wasu ƙauyukan rufe famfon suke yi don ƙanƙara.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne gonakin da ke cikin tsarin France Passion. Za ki biya kuɗin shekara, manomi ya ba ku wuri ku kwana ɗaya kyauta. Da yawansu masu giyar inabi ne, don haka ki zaɓi masu cuku ko zuma. Sai dai ku je da ruwanku. A bakin babbar hanya kuwa kada ku yarda ku kwana, can ne ake yawan kukan ɓarayi.

Naman halal ki saya a birni kamar Besançon ko Dijon, a ƙauye ba za ki samu ba. Ni dambun nama na yi tun daga gida, shi ya rufa mana asiri. Ki gaya wa maigidanki lasisin tuƙi na B bai yarda nauyin mota da kayanta ya wuce tan 3.5 ba, kada ku cika motar da kaya. Kuma ki sa maganin gudawa da gishirin ORS a jakar hannunki, ba can ƙasan akwati ba.