Hukuncin ma'aikaci ya ba kansa maki a fom ɗin ƙarshen shekara

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Don Allah akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. A wurin aikinmu duk ƙarshen shekara ana raba mana fom, kowa ya rubuta abin da ya yi a shekarar sannan ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5 a kan zuwa aiki da wuri, ƙwarewa, zama da abokan aiki da sauransu, akwai kuma wani gida da ake cewa ka faɗi inda kake da rauni. Daga nan oga ya duba ya sa nasa makin, kuma da shi ake ƙarin girma da ƙarin albashi. To ni Malam shekara 3 kenan ina ba kaina 3 wani lokacin ma 2, saboda tsoron ayar nan da Allah ya ce kada ku tsarkake kanku, alhali tsakani da Allah aikin ina yinsa, wasu kuma da na san ba su kai ni ba suna zuba wa kansu 5 kuma ga shi an ɗaga su an bar ni. Shin in na ba kaina maki mai yawa na shiga yabon kai da riya? Kuma gidan raunin nan dole sai na faɗi komai?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka tsoronsa ɗan'uwa, wannan tambaya daga zuciya mai rai ta fito. Amma zan faɗa maka gaskiya, ka ɗora ayar a inda ba muhallinta ba, kuma ka cuci kanka shekara 3.

Cike wannan fom halal ne, in ma yana cikin ƙa'idar aikin da ka sa hannu a kai to ya zama dole a kanka, don Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawurra. Makin da ya wajaba ka rubuta shi ne wanda ka yi imani shi ne gaskiyar aikinka, ba ƙari ba ragi.

Ayar da kake nufi tana cikin Suratun Najmi aya ta 32, "fala tuzakku anfusakum", to ka ƙarasa ta mana, "huwa a'alamu bi manit taƙa", Shi ne mafi sanin wanda ya yi taƙawa. Ka ga ƙarshen ayar shi ya fassara farkonta. Abin da aka hana shi ne mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi na Allah ne, zuciyarsa wankakkiya ce, abin da ba wanda ya san shi sai Ubangiji. Shi ya sa a Sahihu Muslim, Zainab 'yar Abu Salama da aka sa mata suna Barra, wato mai yawan ɗa'a, Annabi (SAW) ya ce kada ku tsarkake kanku, Allah ne mafi sanin masu ɗa'a a cikinku, aka canza mata suna. To yanzu fom ɗin ofis ɗinku ya tambaye ka taƙawarka ne? Tambayarka ya yi fayil nawa ka gama, ƙarfe nawa kake zuwa, aikin da aka ɗora maka a watan kaza ka kammala ko baka kammala ba. Wannan labari ne a kan abin da ido yake gani kuma ana iya ƙirga shi, shaida ce aka nemi ka bayar.

Kuma faɗin ƙwarewa lokacin da ake buƙata aikin Annabawa ne. Annabi Yusuf (AS) ya ce wa sarki, Suratu Yusuf aya ta 55, ka sanya ni a kan taskokin ƙasa, lallai ni mai tsarewa ne masani. Ibnu Kasir a wurin wannan ayar ya ce ya halatta mutum ya yabi kansa idan ba a san lamarinsa ba kuma akwai buƙata. Duba yadda sharuɗɗan nan biyu suka hau kanka daram, wanda zai sa hannu a ƙarin girmanka wataƙila bai taɓa ganin fuskarka ba, takarda ce kawai a gabansa. Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya tsaya a gaban mutane ya ce ya karɓi sura 70 da 'yan kai daga bakin Manzon Allah (SAW), ya kuma ce da ya san wani da ya fi shi sanin littafin Allah wanda raƙumi zai iya kaiwa gare shi da ya yi tafiya wurinsa, Bukhari da Muslim duk sun kawo. Sayyidina Usman (RA) da aka yi masa ƙawanya a gidansa shekara ta 35 bayan hijira ya tunatar da mutane rijiyar Ruma da ya samar wa musulmi da rundunar da ya yi wa tanadi a lokacin tsanani. Ba wanda ya ce sun saɓa wa ayar Najmi. Imamun Nawawi a Al-Azkar ya raba ambaton kyawawan ayyukan kai gida biyu, abin zargi shi ne wanda aka yi don alfahari da nuna fifiko a kan tsara, abin so kuma wanda aka yi don wata maslaha.

Shi kansa zaman da ake yi ma'aikaci ya kawo bayanin aikinsa shugaba ya bincika ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakkar Banu Sulaim, da ya dawo ya zaunar da shi aka yi lissafi, a nan ne Ibnul Lutbiyya ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya yi magana mai zafi a kai. Ma'aikaci ya faɗi nasa, shugaba ya auna ya gyara, tsarin kenan tun can.

Maganar riya kuwa, riya ita ce ka yi ibada don mutane su gani. Aikin albashi ijara ce, ka sayar wa mai aiki lokacinka da ƙarfinka, yana da haƙƙin ya san me aka yi masa da kuɗinsa. Ɓoye sadaka falala ce, amma ɓoye aikin da aka biya ka a kansa ga wanda ya biya ka babu wata falala a ciki. Abin da za ka tsare kawai shi ne zuciyarka lokacin rubutun, kada jiji da kai ya shigo, ka tuna wanda ya ba ka lafiyar da basirar.

Yanzu in zo inda na fi so ka saurara. Ka san aikinka na 4 ne ka rubuta 2, mene ne sunan wannan? Ba tawali'u ba ne, faɗin abin da ba haka yake ba ne. Tawali'u a zuciya yake da mu'amala, ba ya canza alƙaluma. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 135 ku zama masu tsayuwa da adalci masu shaida don Allah ko da a kan kanku ne, kuma adalci bai san a rage ba kamar yadda bai san a ƙara ba. Sannan cutarwar ba a kanka kaɗai ta tsaya ba, ga iyalinka da suke da haƙƙi a cikin abin da kake samu, ga masu yanke hukunci da ka ba su hoton da ba daidai ba har suka ɗora wanda bai kai ba a kan mutane, alhali mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas aya ta 26. Ni wallahi wannan yana damuna, masu tsoron Allah su riƙa noƙewa da sunan tsentseni, marasa kunya su cike kujeru. Abin da ya wuce dai ka yi shi ne da tawili da kyakkyawar niyya, babu kaffara a kanka, ka yi istigfari ka gyara daga bana.

Su kuma masu zuba wa kansu 5 ba da haƙƙi ba, kada su ja ka, cewa ai kowa haka yake yi ba hujja ba ce. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Allah kuma ya yi narko a Ali Imrana aya ta 188 ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Inda aka fi zamewa a nan shi ne aikin haɗin gwiwa, ku 5 kuka yi abu, wani ya kwana yana haɗa rahoton, kai gyaran ƙarshe kawai ka yi, sai ka rubuta "na yi kaza". Kalma ɗaya ce tsakanin "na" da "mun", amma haƙƙin mutum 4 ne a cikinta. Ka rubuta mun yi kaza, ɓangaren da na riƙe shi ne kaza. Wanda kuma ya ƙirƙiri adadi na ƙarya aka ba shi kuɗin lada a kan wannan adadin, abin da nake gani kuɗin nan bai halatta gare shi ba, sai ya tuba ya mayar.

To idan ka rasa tsakanin 3 da 4 fa? Nan wurin ijtihadi ne, ka karanta yadda fom ɗin ya fassara kowace lamba, in sun ce 3 shi ne wanda ya yi abin da aka sa shi 4 kuma wanda ya ƙara a kai, sai ka duba ina aikinka ya faɗa, ka bi abin da ya fi rinjaye a zatonka, ba laifi a kanka ko da oga ya ga saɓanin haka. Shawara ta ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wuri a wayarka, duk aikin da ka gama ka rubuta shi da kwanan wata, in ƙarshen shekara ta zo ka sa hujja a ƙarƙashin kowane maki. Mutum yana mantuwa, kuma in babu rubutu to abin da ya faru a watanni biyun ƙarshe shi kaɗai yake tunawa.

Gidan rauni kuma, abin da ya shafi aikin ake tambaya. Zunubin da ke tsakaninka da Ubangijinka ko sirrin gidanka ba su da hurumi a fom, Annabi (SAW) ya ce dukkan al'ummata ana yafe musu sai masu bayyanawa, ka rufa wa kanka asiri. Ba dole ba ne kuma ka zazzage duk wani ƙaramin kuskure, ka zaɓi rauni na gaske ɗaya ko biyu, misali kana jinkirin miƙa rahoto ko akwai manhajar da har yanzu ba ka iya ba, ka faɗi abin da kake yi don gyarawa. Amma dabarar nan ta rubuta yabo a rigar rauni, wai matsalata ita ce ina son aiki da yawa, in ba haka ba ne to kauce wa tambaya ce. Sai dai in akwai kuskuren da ya jawo asara ko ake zargin wani da shi alhali kai ka yi, wannan ba a ɓoye shi, don haƙƙin wani ya rataya. Ka'abu ɗan Malik (RA) da bai je yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, ya iya magana, ya san zai iya kawo uzurin da za a karɓa, amma ya ce ba ni da wani uzuri, aka ƙaurace masa dare 50 sannan Allah ya saukar da karɓar tubarsa a Alƙur'ani.

In ogan naku zai ji, shi ma makin da yake sawa shaida ce, bai halatta ya rage wa wanda ya faɗi rauninsa da gaskiya ya ɗaga wanda ya iya cika baki ba.

Wallahu a'alam.