Abin da ya sa ake ce maka Kofur

Babana, na ga saƙonka. Wai me ya sa duk gidan nan ba mai kiran sunanka na yanka sai Kofur, kuma wai abokanka na tsokanarka, kana so a daina. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ni in buɗe baki in kira sunan mahaifina gatsau? Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara arba'in da shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Takan ce suna linzami ne, wanda aka ɗaura wa na manya sai ya iya tafiya da shi.

Kakanka yana cikin runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1944, daga nan aka shiga da su dajin Arakan a Burma, yaƙi da Japan. Da su aka ci Myohaung a Janairun 1945, garin da aka sa wa wani bariki a Legas sunansa. Ya dawo a 1946 da igiya biyu, wato muƙamin kofur, da akwatin ƙarfe, da shiru.

Sau ɗaya na ga an buɗe akwatin nan. Ina 'yar shekara tara, da damina, wani baƙo ya yi sallama, Batibi ne, yana ɗingishi, yana Hausar bariki, don da Hausa ake magana a soja a zamaninsu. Baba na alwala ya ji muryar, butar ta suɓuce masa. Suka zauna a zaure har magariba. Da na kai musu fura na tarar da kaki a shimfiɗe kan tabarma, da lambobin yabo, da wani tsohon cokali da ya lanƙwashe. Na abokinsu ne da zazzaɓi ya kashe a hanya, suka tona masa rami da hannu cikin ruwan sama, suka ɗauki kayansa a ka suka ci gaba. Maza biyu suna kuka ba sauti. Baba ya ɗago ya gan ni, bai kore ni ba. Baƙon nan har ya tafi bai kira shi da komai ba sai Kofur, da girmamawar da ban taɓa ji an yi wa wata kalma ba.

Ku yanzu ranar 15 ga Janairu, ta tunawa da 'yan mazan jiya, sai dai ku gan ta a waya ku wuce. Laifinmu ne ma, ba mu zaunar da ku mun ba ku labari ba. Ni kaina ban tambaye shi komai ba har ya rasu, kunya ta hana, abin yana damuna har yau.

Akwatin yana ɗakina, cokalin na ciki. In ka zo hutun sallah ka taho da man keken ɗinki, makullin ya yi tsatsa.